Wa Ke Riƙe da Linzamin Kwamfuta, Mai Ita ko Maƙerinta?

Gabatarwa

Idan mutum ya tashi daga Jangeru ranar Alhamis ya shiga kasuwar Shinkafi ya taya akwatin rediyo ko keke, da zarar mai kaya ya ce ya sallama, aka ƙirga kuɗi, to abu ya zama nasa. Ba a taɓa jin masana'antar da ta ƙera rediyon ta aiko wani ya shigo masa ɗaki cikin dare ya sauya wa maɓallai wuri ba. Haka kuma ba a taɓa jin keke yana aika wa maƙerinsa labarin ƙauyukan da aka bi da shi ba. Amma na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta zo da sabon salo, domin waɗannan abubuwa biyu duk tana yin su, kuma galibi ba ta jiran iznin mai ita.

A ɗauki misalin malamin kimiyya da ya rubuta tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango da hannu, ya kai su shagon buga takardu a Shinkafi ko Ƙauran Namoda. Babu wutar lantarki, saboda haka mai shago ya tayar da janareto. Ana kunna kwamfuta sai allo ya cika da rubutun Turanci mai cewa ana sabunta manhaja, kada a kashe na'ura. Lissafi yana tafiya a hankali, kashi 12 cikin ɗari, kashi 30 cikin ɗari, fetur yana ƙonewa, malam kuwa yana duban rana, domin hanyar gida ba wadda ake son magariba ta riski mutum a kanta ba ce. Babu wanda ya nemi wannan gyara a wannan sa'a, kuma babu wanda ke da ikon dakatar da shi ba tare da kasadar lalata na'urar ba.

Wannan maƙala za ta yi bayanin abubuwa biyu da ke faruwa a cikin cikin kwamfutar zamani, wato sabuntawar tilas da kuma awon nesa, da dalilin da ya sa aka ƙirƙiro su, da irin nauyin da suke ɗora wa mutumin da ke zaune inda wuta da sadarwa ba su wadata ba.

Mece Ce Sabuntawa?

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai gangar jiki da ake iya taɓawa, akwai kuma manhaja, wato jerin umarnin da ke gaya wa gangar jikin abin da za ta yi. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya, kamar Windows, ta ƙunshi miliyoyin layukan umarni da dubban mutane suka rubuta. Aikin ɗan Adam mai yawa haka ba ya rasa kuskure. Wani kuskuren iyakarsa ya sa na'ura ta daskare, wani kuwa ƙofa ce da ɓarawo zai iya shigowa ta cikinta daga wata ƙasa ya kwashe bayanai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan kamfani ya gano tsagar, sai ya rubuta ɗan gyara da ake kira faci, ya aika wa masu amfani da manhajar. Shigar da wannan faci, ko sauya tsohon zubi da sabo, shi ake nufi da sabuntawa.

A da can mai na'ura ne ke zuwa neman gyaran da ƙafarsa. Windows 95, wadda ta fito a shekarar 1995, ana samunta a kan ƙananan faya-fayai guda 13, kuma ba ta sauyawa sai in mutum ya sa hannu ya sauya ta. Da Windows 98 aka fara hidimar sauko da gyara ta intanet, amma wanda ya ga dama ne ke yi. Mutane da yawa ba su damu ba, sai a watan Agusta na 2003 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Blaster ta bazu a duniya ta wata ƙofa da kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Yuli. Daga watan Oktoba na wannan shekara kamfanin ya tsayar da Talata ta biyu a kowane wata a matsayin ranar fitar da gyare-gyare.

Hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan tilastawa ta bayyana ne ranar 12 ga Mayu, 2017. A ranar wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman kuɗin fansa kafin ta buɗe. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne facin da zai hana wannan ɓarna ya fito tun ranar 14 ga Maris, wato wata biyu kafin aukuwar abin. Haka nan kwamfutar da ta kamu ba kanta kaɗai take cutarwa ba, tana harba wa maƙwabtanta. Saboda haka masana ke kwatanta sabuntawa da allurar rigakafi, wadda amfaninta ya wuce kan wanda aka yi wa.

Daga Zaɓi Zuwa Tilas

Ranar 29 ga Yuli, 2015, aka fitar da Windows 10. A zubinta na gida, wanda shi ne ke zuwa a kan yawancin kwamfutocin talakawa, an cire maɓallin da mutum zai ce kada a sauko masa da gyara sai ya yarda. Na'ura ce ke saukowa da shi, ta shigar, ta kuma kashe kanta ta sake tashi. Bugu da ƙari, abin da ake aikowa bai tsaya ga facin tsaro ba, ya haɗa da sababbin siffofi da sauyin tsarin allo da manhajojin da mutum bai nema ba.

Kamfanin ya kuma dage sai masu Windows 7 da 8.1 sun koma sabuwar. A watan Mayu na 2016 ya sauya ma'anar wata alama da kowa ya sani. Tun fil azal, idan sanarwa ta fito a allo mutum ya danna alamar X da ke kusurwa, to ya ce ba ya so ke nan. A wannan karo sai aka mayar da danna alamar tamkar amincewa da lokacin da aka tsara za a sauya manhajar. Mutane suka wayi gari suka tarar da kwamfutocinsu sun zama baƙi a gare su. Wata mata mai kamfanin shirya tafiye-tafiye a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda na'urarta ta daina aiki yadda ya kamata bayan irin wannan sauyi, ta kai ƙara kotu, aka ba ta diyyar dala 10,000 a 2016. A ƙarshen shekarar, shugaban sashen tallace-tallace na kamfanin, Chris Capossela, ya amsa a bainar jama'a cewa a batun alamar X sun wuce gona da iri.

Gyaran Gangar Auzinawa

Da a ce kowane gyara gyara ne, da ƙorafin bai yi yawa ba. Amma wanda ya yi kuskure a manhaja yana iya yin kuskure a faci. A farkon watan Oktoba na 2018 aka fitar da wani babban zubi na Windows 10 wanda ya goge takardu da hotunan wasu mutane daga na'urorinsu. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye shi, bai sake fitar da shi ba sai tsakiyar Nuwamba. Bayan wannan abin kunya ne, a zubin Mayu na 2019, aka ba masu zubin gida damar ɗage sabuntawa har tsawon kwana 35.

Mafi girman misali ya faru ne ranar 19 ga Yuli, 2024. Wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin fayil mai kuskure, kuma na'urorin suka karɓe shi kai tsaye ba tare da sa hannun kowa ba. Kimanin kwamfutoci miliyan 8.5 suka faɗi, suka kasa tashi. An soke tashin dubban jiragen sama, bankuna da asibitoci da gidajen talabijin suka tsaya. Adadin bai kai kashi 1 cikin ɗari na kwamfutoci masu Windows ba, amma da yake a manyan ma'aikatu suke, duniya ta ji a jika. Daga baya kamfanin ya yi alkawarin riƙa fitar da irin wannan fayil rukuni-rukuni, tare da ba abokan ciniki ikon zaɓen lokacin karɓa.

Idan aka ajiye darasin 2017 kusa da na 2024, za a ga ƙin sabuntawa yana da haɗari, haka kuma miƙa wuya ga duk abin da aka turo yana da nasa haɗarin. Maganar da ta rage ita ce wa ya kamata ya zaɓi lokaci, wa kuma zai ɗauki asara in abu ya ɓaci.

Awon Nesa

Abu na biyu ba a ganinsa a allo. Sunansa a fagen kimiyya telemetiri, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin nesa da awo. Asalinsa ba abin zargi ba ne. Masu nazarin yanayi sukan ɗaura na'ura a jikin balan-balan su sake ta sama, tana aiko musu da awon zafi da danshin iska ta rediyo. Injiniyoyin kumbo ma da haka suke sanin lafiyar abin da suka harba sararin samaniya. Masu rubuta manhaja sun ari wannan dabara domin su san irin na'urorin da manhajarsu ke gudana a kai, da inda take faɗuwa, da maɓallan da jama'a suka fi dannawa.

A Windows 10 da 11, bayanan da ke fita hawa biyu ne. Hawa na farko, wanda kamfanin ke kira na wajibi, ya ƙunshi irin na'urar da kayan cikinta, da zubin manhajar, da saituna, da ko sabuntawa ta shiga lafiya. Hawa na biyu, na ganin dama, ya haɗa da shafukan intanet da aka ziyarta ta manhajar bincike ta kamfanin, da yadda ake amfani da manhajoji, da hoton abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura a lokacin da ta faɗi. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa wannan hoto yana iya ɗauke da wani yanki na takardar da mutum ke aiki a kanta a lokacin. Ga makaranta, wannan takarda tana iya zama tambayoyin jarrabawa ko sakamakon ɗalibai. Mai zubin gida yana iya kashe hawa na biyu, amma ba a ba shi maɓallin kashe na farko ba. Wannan dama an keɓe ta ga zubin manyan ma'aikatu da na makarantu.

Hukumomin wasu ƙasashe ba su yi shiru ba. A watan Yuli na 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ba Microsoft wa'adin wata uku ya daina tara bayanai fiye da kima. Ba ta rufe maganar ba sai a watan Yuni na 2017, bayan kamfanin ya rage kusan rabin abin da yake kwasa a hawa na ƙasa. A watan Oktoba na 2017 takwararta ta ƙasar Holan ta ce ba a yi wa jama'a cikakken bayanin abin da ake tarawa ba, don haka yardar da aka ce sun bayar ba yarda ba ce. Wannan matsin lamba ya taimaka wajen sa kamfanin ya wallafa jerin bayanan da yake karɓa a 2017, ya kuma fitar da wata manhaja a 2018 da ke nuna wa mutum abin da na'urarsa ta aika.

Akwai wata fuska ta awon nesa da ya dace ɗalibin kimiyya ya lura da ita. Sakamakon kowane awo ya dogara ne ga samfurin da aka ɗiba. Kwamfutar da ke kan intanet dare da rana a Landan ko Legas tana aika rahoto kullum, wadda ke Jangeru ko Zurmi kuwa sai jefi-jefi. Idan kamfani ya dubi alƙalumansa zai ga kamar duk duniya tana da wuta da sadarwa, sai ya tsara manhajarsa a kan haka. Wanda ba a ƙirga shi ba, da wuya a yi tsari da shi.

Nauyin da Ke Kan Mutumin Karkara

Tsarin sabuntawar tilas an gina shi ne bisa zaton abubuwa uku: wutar da ba ta ɗaukewa, intanet da ba a auna wa mutum, da na'urar da ake barin ta a kunne cikin dare domin ta yi gyaranta lokacin da mai ita ke barci. A arewacin Zamfara babu ko ɗaya daga cikin ukun da za a dogara da shi. Ana kunna kwamfuta ne lokacin da aiki ya taso, saboda haka lokacin gyara da lokacin aiki dole su yi karo. In kuma wuta ta yanke ana tsakiyar shigar da gyara, na'urar tana iya ƙin tashi sai an kai ta wurin mai gyara.

Sai batun kuɗi. Yawancin masu kwamfuta a wannan yanki daga wayar hannu suke jawo intanet, da datar da suka saya da awo. Gyaran wata-wata yakan kai ɗaruruwan megabayit, babban zubi kuwa yana iya cin gigabayit 3 ko fiye. Gigabayit ɗaya ya kai abin da faya-fayai kusan 700 irin na zamanin Windows 95 za su ɗauka. Idan ɗakin kwamfuta na wata makaranta yana da na'urori 20, kowace ta sauko da gigabayit 3 don kanta, an kashe gigabayit 60 ke nan a kan abu guda. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, wanda ya ƙara wa wannan lissafi nauyi. Ga shi kuma makarantu ba su da zaɓin guje wa kwamfuta, tun da daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma ɗalibin da bai saba da ita ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni.

Darasin Shekarar 2021

Jihar Zamfara ta taɓa zama wurin gwajin da babu masanin da ya shirya shi. Ranar 3 ga Satumba, 2021, bisa roƙon gwamnatin jihar a ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanonin waya su katse sadarwa a faɗin jihar domin taimaka wa jami'an tsaro a yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. A daidai lokacin an dakatar da kasuwannin mako-mako, an kuma hana sayar da fetur a jarka. An maido da sadarwa a Gusau a farkon Oktoba, amma sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar maido da ita a sauran sassan jihar.

Wahalar da jama'a suka sha ta fuskar ciniki da zumunci da neman agaji ta fi ƙarfin batun kwamfuta nesa ba kusa ba. Duk da haka waɗannan makonni sun fito da wata gaskiya fili. Manhajar da aka shigar a na'ura ta zauna, kamar tsofaffin manhajojin rubutu, ba ruwanta da katsewar sadarwa. Manhajar haya kuwa, wadda ake biya wata-wata ko shekara-shekara, tana bukatar ta riƙa leƙa gidan maƙerinta domin ta tabbatar an biya. A ƙa'idar Microsoft 365, alal misali, idan na'ura ta haura kimanin kwana 30 ba ta hau intanet ba, manhajar tana komawa yanayin da za a iya karanta takarda a buga ta, amma ba za a iya gyara ta ko rubuta sabuwa ba. Katsewar da aka yi wa Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda ta ninka wannan wa'adi fiye da sau biyu. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Ana cikin wannan hali ne, ranar 5 ga Oktoba, 2021, aka fitar da Windows 11, wadda zubinta na gida ke bukatar intanet da asusun kamfanin kafin a kammala kunna sabuwar na'ura. Ta kuma zo da sharaɗin wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta zamani, wanda ya fitar da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ko 2018 daga layi. Irin waɗannan na hannu, da ake sayowa daga kasuwannin Kano da Legas, su ne kwamfutocin da malamai da ƙananan shaguna ke iya saya. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, aka daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. An buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda ya biya dala 30 ko ya ɗaura saitunan na'urarsa a asusun kamfanin. Wato mai tsohuwar na'ura, wanda a da aka tilasta wa karɓar gyara, shi ne kuma aka ce ya biya, ko ya ƙara miƙa bayanansa, ko ya zauna da bango a tsage.

Me Doka Ta Ce?

Wanda ya sayi kwamfuta ya mallaki gangar jikinta, amma manhajar izni kawai aka ba shi ya yi amfani da ita, bisa wata doguwar yarjejeniya da kusan kowa ke dannawa ba tare da ya karanta ba. Sai dai yarjejeniya ba ta fi ƙarfin doka ba. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta shafi har kamfanin da ke wajen ƙasa muddin yana sarrafa bayanan mutanen da ke Nijeriya. Ta ba mutum haƙƙin sanin abin da aka tara game da shi da dalilin tarawa, ta bukaci yardar iyaye ko waliyyi kan bayanan wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma bayyana cewa shirun mutum ko rashin motsinsa ba yarda ba ne. A watan Yuli na 2024 hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan batutuwan da suka haɗa da sarrafa bayanan 'yan Nijeriya ba tare da cikakkiyar yarda ba. Wannan ya nuna manyan kamfanoni ba su fi ƙarfin a tuhume su a wannan ƙasa ba.

Abin da Makaranta Za Ta Iya Yi

Mafita ba ta cikin kashe sabuntawa gaba ɗaya, kamar yadda wasu masu gyara ke yi idan sun zuba wa mutum manhajar da ba ta asali ba. Kwamfutar da ba ta hawa intanet ma tana kamuwa da cuta ta hanyar filash da ke yawo daga shago zuwa shago. Abin da ya dace shi ne mai na'ura ya karɓi linzami gwargwadon yadda aka bar masa.

Na farko, a cikin saitin sadarwa a sanar da kwamfuta cewa layin da ake jawowa daga waya layi ne mai mita. Da haka za ta daina sauko da yawancin gyare-gyare da kanta, sai mafiya muhimmanci. Na biyu, a tsayar da rana ɗaya a wata, bayan Talata ta biyu da mako guda ko biyu, lokacin da akwai wuta da data, a yi sabuntawa da gangan. Jinkirin yana ba da damar a ji ko facin ya yi ɓarna a wani wuri. Idan mako na jarrabawa ya gabato, a yi amfani da damar ɗagewa tun kafin ya zo. Na uku, a ɗakin kwamfuta a buɗe saitin da ke barin na'urori su raba gyara a tsakaninsu ta layin cikin gida, a rufe wanda ke barin su aika wa baƙi a intanet. Na huɗu, a shiga sashen sirri a kashe bayanan ganin dama da lambar talla. Na biyar, kafin kowace babbar sabuntawa a kwafe muhimman takardu a filash ko wani faifai daban.

Akwai kuma wata hanya ga tsofaffin na'urori. Tun 1983 Richard Stallman ya fara yunƙurin manhaja mai 'yanci, wadda kowa ke da damar amfani da ita, da duba cikinta, da gyara ta, da raba ta. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fara Linux. Zubi irin su Ubuntu da Linux Mint, tare da LibreOffice na rubutu da lissafi, kyauta ne, suna gudana a kan na'urorin da Windows 11 ta ƙi, ba sa neman asusu, kuma mai na'ura yana da ikon tsara lokacin sabuntawa. Su ma ba tsarkaka ba ne. A 2012 Ubuntu ta riƙa aika abin da mutum ya rubuta a akwatin bincike domin ta nuna masa kayan Amazon, har sai da ta kashe wannan a 2016 bayan doguwar suka. A 2021 sababbin masu manhajar sauti ta Audacity sun yi niyyar sa mata awon nesa, jama'a suka ƙi, suka janye shirin. Bambancin shi ne a nan ana iya ganin abin da aka sa, ana kuma iya cire shi. Wahalarta ita ce wasu injinan buga takarda ba sa jituwa da ita, kuma ana bukatar wanda ya iya. A nan ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da na Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da gudummawar da za su bayar ga makarantun da suka fito daga cikinsu.

Kammalawa

Maƙerin manhaja ya fi mai na'ura sanin inda tsaga take a bango, don haka facinsa abin karɓa ne. Amma bai san ranar jarrabawa a Jangeru ba, bai san kuɗin litar fetur a Shinkafi ba, bai kuma san za a iya katse sadarwar jiha guda har kusan wata uku ba. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Abin da ake nema daga kamfanoni bai wuce uku ba: a raba facin tsaro da sauye-sauyen ado, a bar wa mutum zaɓin lokaci, a kuma nemi yardarsa da harshen da zai fahimta kafin a ɗauki bayanansa. Kafin a kai ga haka, malamin da ya ware darasi guda ya buɗe wa ɗalibansa sashen saituna, suka duba tare abin da na'urar makarantarsu ke karɓa da abin da take aikawa, ya koya musu abin da zai amfane su a kan kowace na'ura da za ta shigo hannunsu nan gaba.